Neman kalma: me za mu kira "endurance racing" da Hausa?

Mai Shirin Wasanni: Salamu alaikum. Jama'a a taimaka, gobe da la'asar zan shiga situdiyo. Shirin a kan Darren Turner ne, direban tsere ɗan Ingila. Ya fafata a gasar "touring car" ta Birtaniya da motar SEAT daga 2006 zuwa 2008, amma a Le Mans ta Faransa ya yi suna, inda ya zo na ɗaya a rukuninsa har sau uku da motar Aston Martin, a 2007 da 2008 da 2017. "Touring car" da "endurance racing" ne suka cije mini.

Malamar Hausa: Ta biyun, tseren juriya. Ta farkon kuwa, don Allah kar ka ce motar yawon buɗe ido. Motocin shiga ne irin na kasuwa, an cire kujeru, an kafa ƙarafan kariya a ciki. Ka ce tseren motocin gida.

Bakanike: Motar gida ta zauna, Malama, haka muke cewa a gareji don a bambanta ta da ta haya. Juriyar ce ban gamsu ba. Le Mans awa 24 ake yi, tun 1923, zagaye ɗaya ya haura kilomita 13. Direbobi uku ke karɓa-karɓa a mota guda, a tsaya a sha mai, a sauya taya, a koma. Cikin dare za ka ga faifan birki ya yi ja wur. A 2017 sai a zagayen ƙarshe Jonny Adam, abokin tuƙin Turner, ya wuce motar Corvette da ke gabansu. Ni da a ce tseren kwana da yini, mai sauraro ya ji tsawon abin.

Malamar Hausa: To na awa 6 fa, ko na awa 12 da ake yi a Sebring ta Amurka? Duk gida ɗaya ne, kuma ba a kwana.

Dattijo: Ku yi haƙuri, tun daga tushe kuka kauce. Abin hawa sukuwa yake yi, tsere na ƙafa ne. Sukuwar jimiri, ita ce Hausa. Juriya ta mai ciwo ce.

Bakanike: Ranka ya daɗe, sukuwa ai a saki linzami ne a ƙure doki nan take. Wanda ya yi wa mota haka a Le Mans ba zai ga asuba ba.

Dattijo: Ɗana, kafin mota ta zo ƙasar nan muna da kalmominmu. Kun bar gidajen rediyo suna yanka mana harshe yadda suka ga dama, kowa ya kwaikwayi bakin Kano ya ce shi ne daidai. Sukuwar jimiri.

Ɗan Damagaram: Baba ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Kullum a can ake yanke kalma, mu sai dai mu ji. Alhali tseren Dakar ta ƙasarmu ya riƙa ratsawa, ta Agadas da Tenere. Mu muka ga ƙurarsa. Tseren dogon zango ya fi.

Malamar Hausa: Malam, ba wanda ya raina Hausar Nijar. Amma Dakar daga gari zuwa gari ne, wannan kuwa fili ɗaya ake ta kewayawa. Ina zangon?

Dattijo: Shi ya sa na ce jimiri.

Mai Shirin Wasanni: Na gode ƙwarai, lokaci ya ƙure mini. Zan ce tseren motocin gida, sannan tseren juriya, in bi shi da bayanin awa 24 yadda Bakanike ya kawo. Baba, zan ambaci jimiri sau ɗaya in ji abin da masu kira za su ce.

Dattijo: Motocin gida na yarda. Sauran ban sa hannu ba, kuma idan aka buɗe layi zan kira.