Tace na'urori da lambar MAC a kan suwic ɗin makaranta: ina neman gogewarku

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina kula da ɗakin kwamfuta na wata sakandare a Zariya, kwamfutoci 40 a kan suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta waya) biyu ƙirar Cisco 2960. Ɗalibai kan zare wayar kwamfutar makaranta su jona a laftof ɗinsu, har datar wata guda ta ƙare tun kafin tsakiyar wata. Shin in rubuta jerin ACL (dokokin da suwic ke bi wajen ba da izini ko toshewa) na lambobin MAC (lambar shaidar kowace na'ura a hanyar sadarwa), ko in sayi na'urar da wani dillali ya yi mini tayi a kan naira dubu 150?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Ka sayi MikroTik (wata na'urar sarrafa hanyar sadarwa) ka huta. Na samu tawa ta hannu a Farm Center da ke Kano a ƙasa da rabin wannan kuɗi.

Hajiya Rabi: Malam Habu, ka bi a hankali. A wani asibitin kuɗi da nake wa aiki, ɗan kwangila ya rubuta jerin da ya bai wa kowace kwamfuta izinin magana da lambar MAC ta sabar (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan asibitin) kaɗai, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bai san cewa a 2960 irin wannan jeri ba ya taɓa fakitin IPv4 (ainihin bayanan da kwamfutoci ke aika wa juna), sai abin da ba IP ba kamar ARP (tambayar da kwamfuta ke yi don sanin lambar MAC ta wata), kuma duk abin da ba a ambata ba ana toshe shi a ƙarshen jeri. Tambayar ARP kuwa ga kowa ake aika ta, ba ga sabar kaɗai ba, don haka jerin ya toshe ta. Da farko komai lafiya, amma da kwamfutocin suka manta lambar sabar sai suka riƙa yankewa ɗaya bayan ɗaya, marasa lafiya suka yi cincirindo a tagar kati riƙe da takardunsu, shi kuma wayarsa a kashe. Har gobe ban yafe masa ba.

Garba: A ba shugaban ɗalibai dorina ya tsaya a bakin ƙofa, ita ba ta buƙatar lambar MAC.

Hajiya Rabi: Abin da ya dace shi ne saitin suwic na port-security da sticky, wato kowace ƙofar suwic (inda ake jona waya) ta riƙe lambar da ta fara gani, ta rufe kanta idan baƙuwa ta shigo.

Injiniya Bala: Hajiya, da girmanki, ɗalibi mai wayo zai kwafi lambar ya ɗora wa laftof ɗinsa cikin mintuna. Ni da nake da takardar CCNA (shaidar ƙwarewa ta Cisco), 802.1X da sabar RADIUS kawai zan ba da shawara, wato tsarin da ke tantance mai shiga kafin ƙofa ta buɗe masa.

Hajiya Rabi: Ɗazu MikroTik ka ce, Injiniya. Kuma wa zai kula da RADIUS a makarantar da ma'aikacinta ɗaya ne?

Malam Isa: Ni Wi-Fi ne damuwata. Tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi ke ƙirƙirar lambar MAC ta daban ga kowace hanyar sadarwa, malami ya sake saita wayarsa ya faɗo daga jerina, sannan a kai ƙarata gaban shugaban makaranta.

Malam Habu: Na gode, amma tambayata ta shafi masu jona waya ne. Hajiya, idan ƙofa ta rufe kanta ana tsakar darasi, dole sai na zo na buɗe ta da hannu?