Taswirar wata a intanet: yadda ake karanta ta, da inda za mu yanki fili

Malam Safiyo, Arkilla

Assalamu alaikum. Masu leƙa taswirar wata, ku zo kowa ya ajiye abin da ya gano, don tambayoyin da ake ta yi kusan iri ɗaya ne. Zan fara da QuickMap, shafin taswirar wata a intanet. Hotunansa na kumbon LRO ne, wanda NASA ta harba a 2009, kuma kyamara iri biyu ke ɗaukarsu: WAC mai faɗin gani, wadda ɗigo ɗaya a hotonta mita 100 ne a ƙasa, da NAC wadda ke kaiwa rabin mita. Da ka buɗe shafin, na WAC kake gani. Sai ka zuƙo sosai, ka kunna NAC a jerin da ke gefen hagu, sannan hoton zai yi kaifi. Masu cewa ba su ga komai ba, a nan suke maƙalewa.

Ku gwada da 0.674 arewa, 23.473 gabas. Nan Apollo 11 ya sauka ran 20 ga Yuli 1969. Za ka ga ɗan farin ɗigo mai inuwa, wato gindin kumbon da suka bari, da siririn baƙin layi na sawun ƙafa zuwa wani ɗan rami da ke gabas da shi. Na Apollo 17 ya fi daɗin kallo, 20.19 arewa, 30.77 gabas, saboda har sawun tayar motarsu yana nan.

Malama, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙari kan batun lambobi, don nan ɗalibai ke ɓata. Wasu shafukan suna ƙirga longitud daga 0 zuwa 360 ta gabas, wasu kuma suna raba shi gabas da yamma, su sa wa yamma alamar ragi. Apollo 12 yana 3.01 kudu, 23.42 yamma. In shafin na 360 ne, 336.58 za ka rubuta. In ka manta alamar ragin, taswira za ta kai ka 23.42 gabas, kusa da unguwar Apollo 11, ka yi ta lalube a banza. Kuma digiri ɗaya a wata kimanin kilomita 30 ne, don haka wanda ya yanke lambobin bayan ɗigo ya bar wurin da nisa. Hoton NAC ɗaya faɗinsa 'yan kilomitoci ne kawai.

Baba Mai Madubi, Ƙofar Rini

Ɗiyata ta yi gaskiya. Ni abin da nika so a lura da shi, haske na. Wurin guda, an ɗauke shi sau da dama, kowane hoto da inda rana take sa'ad da anka ɗauke shi. Wanda anka ɗauka rana tana tsaka, wurin fari fat, babu inuwa, ba ka bambance tudu da rami. Nemi wanda rana ta yi ƙasa, inuwa ta miƙe, shi ka hito da siffar ƙasa.

Sannan akwai ruɗin ido. Wani lokaci ramuka sai su yi maka kama da tulluwa, kamar an kife ƙwarya. Ba taswira ta lalace ba. Ido ya saba haske daga sama shika zowa, to in a hoton daga ƙasa ya hito, sai ƙwaƙwalwa ta juya abin. Ka juya wayar kai ƙasa, nan take tudu zai koma rami.

Mu nan Sakkwato muna wajen digiri 13 arewa, watanmu ba ya tsayuwa yadda taswira ta tsaida shi. Taswira tana sa arewa sama, baƙin filin nan zagayayye, Mare Crisium, a dama. Amma jinjirin wata bayan magariba kwance muka ganinai, gefen Mare Crisium shina ƙasa. Sai ka juya wayar kwata guda ta hannun dama, ka kashe juyawar allo da kanta, sannan su dace. In wata na hitowa ta gabas ranar sha huɗu, juyin ta hagu za a yi.

Ɗan Dundaye

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ga masu son haɗa taswira da abin da ke sama, kada ku jira daren sha huɗu, ranar ce mafi muni wajen ganin ramuka. Ku bi iyakar haske da duhu, tana tafiyar kimanin digiri 12 kullum, kuma duk abin da ke bakinta yana fitowa raɗau. Daren uku zuwa huɗu ga wata Mare Crisium, kuma a bakinsa ta gabas akwai ramin Alhazen, wato Ibn al-Haisam. Wajen bakwai zuwa takwas sai ramin Albategnius, sunan al-Battani, da Arzachel na al-Zarƙali, duk a tsakiyar fuskar wata ta ɗan kudu. Tara zuwa goma Copernicus, mai faɗin kilomita 93. Abin da daren sha huɗu ke bayarwa shi ne fararen jijiyoyin da suka bazu daga ramin Tycho. Ibn Battuta ma yana da ɗan raminsa a Mare Fecunditatis. Na al-Biruni da al-Khwarizmi da Ibn Sina suna bayan wata, sai dai a taswira.

Shafin Dial-A-Moon na NASA yana nuna fuskar wata awa bayan awa, amma agogonsa na duniya ne, sai ka rage awa ɗaya daga namu. Lokacin hazo kuwa kada ka wahalar da kanka da watan da ke ƙasa-ƙasa, bari ya hau sama.

Injiniya, Mabera

Batun data da zafin waya. Salon ƙwallo mai juyawa shi ke cinye data, yana kuma sa waya ta ɗau zafi har burauza ta rufe kanta, musamman wayar da ƙwaƙwalwarta ba ta da yawa. A waya ku tsaya kan shimfiɗaɗɗiyar taswira, ku kashe duk abin da ba ku buƙata. Mai kwamfuta ya sauke Virtual Moon Atlas sau ɗaya, kyauta ne, yana aiki ba intanet.

Yanzu ga maganar fili. Ni dai na zaɓi bakin ramin Shackleton, a ƙarshen kudu. Wanda zai duba, ya fara canja salon taswira zuwa na kudancin wata, don shimfiɗaɗɗiyar tana ja wurin ta miƙar da shi har ba ka gane komai. Faɗin ramin kilomita 21, zurfinsa ya haura huɗu. Wata bai karkace ba sai da digiri ɗaya da rabi, shi ya sa a can rana ba ta hawa sama, zagaye take yi a gindin sararin sama. Cikin ramin bai taɓa ganinta ba, wasu tsirarun wurare a bakinsa kuma suna samunta mafi yawan shekara. Sola kusan ba ɗaukewa kenan. Sai dai faifan a tsaye za a kafa shi yana bin rana, ba a kwance kan rufi yadda muke yi ba.

Malam Safiyo, Arkilla

Injiniya, kafin ka kai bulo, ja layi a Moon Trek, shafin taswirar wata na NASA, daga bakin ramin zuwa cikinsa ka nemi ya fitar maka da hawa da gangara. Bangon yana kai digiri 30. Babu mai kurar ruwan da zai hau wannan. Kuma kumbuna biyu na wani kamfanin Amurka da suka sauka a yankin kudu, a 2024 da 2025, duk kifewa suka yi gefe. Hoton sama yana ɓoye gangara, layin tsayi ne ke tona ta, don da hasken leza na na'urar LOLA aka auna shi.

Batun takarda kuma, yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa mallakar yanki a wata. Masu sayar da shaidar fili a intanet, takarda kawai suke sayarwa. Najeriya dai ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis, ta haɗin kai wajen binciken wata, a Disamba 2022, saboda haka muna da bakin magana, amma ba mu da filoti.

Malama, Runjin Sambo

Ruwan da ake cewa akwai a ramukan kudu ma, a yi hankali. Shuɗin da ake gani a wasu taswirori ba tafki ba ne, launi ne da aka sa don nuna yawan haidurojin ko sanyi. Hujja mai ƙarfi ita ce ta kumbon LCROSS na NASA, da aka rafka a ramin Cabeus a Oktoba 2009 aka ga ruwa a cikin ƙurar da ta tashi. Ƙanƙara ce gauraye da ƙasa, a wurin da sanyi ke wuce digiri 200 ƙasa da sifili. Cikin waɗannan ramuka NAC galibi baƙi kawai yake nunawa. Hotunan ShadowCam za ku nema, kyamarar da ke kan kumbon Danuri na Koriya ta Kudu, don ita aka ƙera domin duhu.

Ni da za a bi tawa, ramin nan mai kama da rijiya da ke filin Mare Tranquillitatis za mu nufa, 8.33 arewa, 33.22 gabas. Bakinta ya kai wajen mita 100, kuma binciken 2022 ya nuna inuwar cikinta tana zama kusan digiri 17 dare da rana, alhali a waje rana tana kai 120. Mutumin da ya sha Afrilu a Sakkwato ba sai an roƙe shi ba.

Baba Mai Madubi, Ƙofar Rini

To ku da kunka yanke shawarar ƙaura, wa zai gano muku wata? Kuna bisa kainai. Sai dai ku kunna rediyo ku jira sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, za ta iske ku bayan daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Azumi kuma da agogon gida za ku yi shi, don yinin can kwana sha huɗu na da ɗoriya.

Ɗan Dundaye

Alƙibla ce mai sauƙi, Baba. Daga fuskar da ke kallonmu, duniya kusan wuri ɗaya take tsayawa a sama, ɗan rangaji kawai take yi. Unguwar Malama tana ganinta can sama. Unguwar Injiniya kuwa a bakin ƙasa take, wani lokaci ta leƙo, wani lokaci ta nutse bayan duwatsu, kuma in ta nutse layin waya ya tafi da ita.

Injiniya, Mabera

Sai mu kafa eriya kan dutsen Malapert, yana ganin duniya da Shackleton gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna ƙura ce. Babu iska ko ruwan da zai goge mata kaifi, tana manne wa komai, ta ci rigunan 'yan Apollo ta toshe musu zif. Duk mai zuwa ya taho da burushin goge sola, nasa daban.