Me za mu kira "outreach" da Hausa?

Jama'a, ina neman kalma. Ranar Asabar aka kawo mini sanarwar wata jami'a in fassara don rediyo. Ɗaliban likitanci da malamansu za su fita unguwa, su auna hawan jini, su duba ido, su zauna da iyaye mata kan abincin yaye. Sunan abin da Turanci "outreach". Ina sauri, sai na rubuta "shirin tallafa wa iyalai". Ranar taron mata suka cika makarantar firamaren, wasu da buhu a naɗe a hammata. Wata dattijuwa ta tare ni ta ce, "Ɗan nan, a wane aji ake rabon?" Laifin kalmata ne. Tallafi a kunnen mutanenmu yanzu shinkafa ce da taliya.

Na ga shawarwarin da kuka aiko bayan na yi wannan tambaya, na gode.

Masu cewa "wayar da kai" sun fi yawa. Ta zauna a baki, amma rabin aikin kawai ta ɗauka. Wanda aka ba gilashin ido ba kansa aka wayar ba. Kuma akwai ɗan raini a ciki, kamar mu ne da fitila, su suna duhu.

"Kai ɗauki" na gobara ne da ambaliya. "Hidimar al'umma" ba laifi, sai dai har sharar kwata hidimar al'umma ce. Wanda ya ce "miƙa hannu" kuwa, Malam, ka bi Turancin sawu da ƙafa, amma a nan mai miƙa hannu ko gaisawa yake ko roƙo.

Mu duba me abin yake tun asali. A 1873 jami'ar Kambirij ta Ingila ta fara tura malamanta garuruwa irin su Nottingham da Derby su karantar da waɗanda ba za su taɓa shiga jami'a ba. A Amurka, dokar 1914 ce ta ɗora wa jami'o'in noma na jihohi aikin ajiye ma'aikata a gundumomi, suna bin manoma gona, suna koya wa mata adana abinci, yara kuma kiwo. Ka ga jigon ke nan: mai ilimi ne ke tashi ya je, ba a jira a zo masa.

Mu ma ba baƙonmu ba ne. Samaru na binciken noma tun 1922, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma har yau NAERLS, cibiyar faɗakar da manoma ta jami'ar, na can tana kai sakamakon bincike ga manoma. Ma'aikacin da ke wannan zirga-zirga, Turawa na ce masa "extension agent". Da an bar irina da ƙamus, da "wakilin faɗaɗawa" za mu ce. Manoma ba su jira mu ba, suka ce malamin gona, aka wuce wurin.

To, wata Malama cikin masu ba da shawara ta tuna mini karin maganar nan, zuwa da kai ya fi saƙo. Ta ce me zai hana "zuwa-da-kai"? Hajiya, Allah ya ƙara basira, tun jiya nake juya ta. Ƙirar Hausa ce, irin ta tafi-da-gidanka da faɗi-tashi. Ba ta yi alƙawarin buhu ba, ba ta raina kowa ba, ta kuma faɗi wanda ya taka ƙafa.

Na gwada ta: "Sashen shari'a zai yi zuwa-da-kai gidan gyaran hali, ya duba waɗanda ke jiran shari'a." "Ayyukan zuwa-da-kai na jami'a sun ragu bana." Ta biyun ta fi zama, ta farkon ta ɗan yi mini tsaye a maƙogwaro.

Wani ya yi gyara mai kyau: a rediyo babu karan ɗori, mai sauraro zai iya jin "shirin zuwa da kai" ya ɗauka shi za a tafi da shi wani wuri. Gaskiya ne. Don haka a sanarwa zan riƙa cika ta, "shirin jami'a na zuwa-da-kai cikin unguwanni", har kunne ya saba.

Ita zan sa a sanarwar mako mai zuwa. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku me kuke cewa a can?