Masu zanen da suka taɓa buɗe ɗakin aikinsu ga mutanen unguwa, ku ba mu labari

Mai zane daga Samaru:

Assalamu alaikum. Ni mai zane ne a Samaru, ina kuma koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta. Albashin ne ke riƙe gida, zanen kuwa sai dare da ƙarshen mako. Mu 'yan kaɗan da ke tsakanin Samaru, Hayin Dogo da Palladan mun yi shawarar mu ware Asabar ɗaya, kowa ya buɗe ɗakin aikinsa, jama'a su bi mu gida-gida su ga abin da muke yi.

Abin da ya kai mu ga wannan shawara ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A garin nan su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta ɗaliban zane a 1958, tun kafin kwalejin da suke karatu ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk wanda ya karanta tarihin zane a Najeriya ya san sunan Zariya. Amma maƙwabcina da muke sallah sahu ɗaya bai taɓa ganin aikina ba. Da zane ya bushe sai a naɗe shi, sai Abuja ko Legas. Waɗanda suka taɓa yin irin wannan buɗe ɗaki, don Allah ku faɗa mana yadda ta kaya. Mutane sun zo? An yi ciniki? Me za mu kiyaye?

Dattijo daga Barnawa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi albarka. Na yi karatu a sashen zane na Samaru zamanin marigayi Gani Odutokun, wanda ya rasu a hatsarin mota a 1995 yana dawowa daga baje koli a Legas. Na ambaci wannan ne don ka san hanyar Legas ɗin nan ta daɗe tana cin masu zanen Arewa, da kuɗinsu da lokacinsu har da rayukansu. Saboda haka duk abin da zai sa a ga aikinmu a gida, ina bayansa.

Mun yi irin wannan a Kaduna, ni da abokan sana'a. Kafin komai ku je wurin mai unguwa da ƙafarku, ku gaya wa limamin masallacinku, in akwai coci kusa ku gaya wa fasto. Taron baƙin fuska a ƙofar gida ba tare da an sanar ba, a zamanin nan, fitina yake jawowa. Mu da muka je, mai unguwar da kansa ya zo ya buɗe mana, kuma zuwansa ne ya sa dattawa suka biyo baya.

Sannan kada ku gyara ɗakin ya koma kamar ofis. Ku share, ku kawar da tina, wato ruwan tsinka fenti, da wuƙaƙe daga inda yara za su kai hannu, amma ku bar aikin da ba a gama ba a kan katakonsa, ku bar burushi da allon haɗa fenti a inda suke. A ɗakina, manyan zanukan da na rataya ba su tsayar da mutane ba kamar wani da nake tsakiyar yi, na 'yan lifidi a hawan sallah, wanda rabinsa layin gawayi ne kawai. Nan aka yi cincirindo. Wani kafinta ya daɗe yana duba bayan firam, yana tambayata dalilin da na sa ƙananan katakai a kusurwa. Na nuna masa yadda ake buga su in kanbas, wato yadin da ake zane a kai, ya saki. Yau shi ke yi mini firam, kuma na daina aikawa nesa.

Ciniki kuwa, a ranar ban sayar da babban aiki ko ɗaya ba. Bayan wata biyu wani ɗan kasuwa da ya zo rakiyar 'yarsa ya kira ni in yi masa aiki na falonsa.

Malama daga Gwale:

Baba ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da maza ba sa lissafawa. Ɗakin zanena a cikin gidan aurena yake, gida ne kuma na ba a shiga. Da muka yi namu a Kano, sai da na zauna da maigida muka tsara. Muka kwashe zanuka zuwa soro domin maza, ƙanensa ya tsaya a wurin, ni kuma na karɓi mata a tsakar gida daga bayan la'asar zuwa magariba. In kuka sa lokaci da safe kawai, matan aure ba za su zo ba, suna kan girki da shirin yara.

Matan nan su suka ba ni mamaki. Masu lalle biyu suka zauna gaban wani aiki da na yi da shuni, wanda na ɗauko launinsa daga rinin Ƙofar Mata, suna warware mini layukansa ɗaya bayan ɗaya, suna cewa wannan in a ƙafar amarya ne ga inda za a karya shi. Ban taɓa samun mai kallo a galari, wato gidan baje zane da sayar da shi, da ya karanta layi kamar su ba. Daga wannan yammacin na samu 'yan mata da nake koya wa zane ranar Alhamis da Juma'a, kwanakin da babu islamiyya. Abin da iyayensu ke biya ba yawa, amma shi ke saya mini takarda da fentin ruwa.

Maganar hoton mai rai za ta taso, ku shirya mata. An tambaye ni, kuma cikin ladabi aka tambaya. Na ce ni ba malamar fiƙihu ba ce, a tambayi malamai, amma ga abin da nake yi: rubutun ayoyi, dagi, ƙofofin gari, kasuwa daga nesa. Wanda ke zana fuskoki a cikinku kada ya ɓoye aikinsa, kada kuma ya tsaya jayayya da baƙonsa. A sa su a gefe ɗaya, wanda yake so ya ƙarasa can.

Ɗalibi ɗan aji uku:

Anti, na gode da maganar lokaci. Ni ƙaramin abu zan ƙara. Na taya wani malaminmu tsaron ɗakinsa a irin wannan rana, yara suka shigo a guje, ɗaya ya dafa aikin fentin mai da bai bushe ba da tafin hannunsa duka. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya daina kama hannu, ba kamar akirilik ba. A ɗaga irinsu sama. Kuma a shimfiɗa wa yara tabarma a waje da takarda da gawayi, za su bar muku ɗakin. Mu ɗalibai a shirye muke mu taya ku, ku dai yi magana.

Mai zane daga Abuja:

Ni zan ɗan saɓa, ku yi haƙuri. Da zane kaɗai nake ci, ba ni da albashi, don haka lissafina daban ne. Na shiga irin wannan zagaye a nan Abuja, kuma shirinsa ya cinye mini lokacin da ya kamata in gama aikin da aka riga aka ba ni kafin alƙalami. In kana da baje koli a gabanka, kada ka haɗa su wata ɗaya.

Babbar matsalar ita ce farashi. Galari na ɗaukar la'adarta, wata kashi 30, wata har rabi, kuma ita ta sa wa aikinka kuɗi a idon masu saye. Ranar buɗe ɗaki wani zai ce ai nan gida ne, babu dillali, ka rage masa rabi. In ka yarda, labari zai kai ga mai galari, kuma wanda ya saya da tsada bara zai ji an cuce shi. Wani abokina ya rasa galarinsa ta haka. Babban aiki farashinsa ɗaya ne, ko a Wuse ko a soron gidanka. Abin da za ka yi wa mutanen unguwa shi ne ƙananan ayyuka a kan takarda, na gawayi ko tawada ko fentin ruwa, masu kuɗin da malamin makaranta zai iya biya bai shiga bashi ba. Ka rubuta farashi a jikin kowanne. Bahaushe yana jin kunyar tambayar kuɗin abin da yake tsoron ya fi ƙarfinsa, sai ya yaba ya wuce.

Kuma ku shirya wa masu cewa ai ku masu zane kuɗi gare ku. Tun da aka sayar da zanen nan mai suna Tutu na Ben Enwonwu a Landan a 2018 kan sama da fam miliyan ɗaya, ga kuma baje kolin zane na Art X da ake yi a Legas tun 2016, wasu sun ɗauka kowa haka yake. Ba su san tun da aka saki naira a 2023 fenti da kanbas na waje suka yi tashin gwauron zabo ba. Ni yanzu yadi mai kauri nake saye a kasuwa in shafe shi da kaina.

Dattijo daga Barnawa:

Maganarka ta farashi daidai ce, ɗana, ba ni da abin cewa. Amma lokacin da ka ce ya tafi, ni ban ɗauke shi asara ba. Galari tana iya rufewa, mai ita yana iya canza ra'ayi a kanka. Mutanen da suka san ƙofar gidanka suna nan.

Mushe daga Damagaram:

Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Ni ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ina zane a gefe. A nan masu sayen zane ba su da yawa, da can baƙi ne Turawa, yanzu kuwa sun ja baya ƙwarai. To da na buɗe ɗakina ban sa ran ko jika ɗaya ta kuɗin sefa ba.

Abin da na yi shi ne na gayyato wani tsohon magini daga unguwar Birni, cikin masu yi wa bangon gidaje ado. Na jingina allon katako, na kwaɓa masa ƙasa, ya zauna yana fitar da dagi da hannunsa a gaban mutane, ni kuma ina gefe ina ɗaukar siffar da fenti. Wanda zai ji nauyin shiga ɗakin mai zanen boko, ganin tsohon nan ya sa ya shigo, domin aikin da ya sani ne tun yana yaro. A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ma haka ake yi, maƙera da dukawa suna aikinsu a gaban masu ziyara, kuma wurinsu ba ya rabo da mutane. Ku a Zariya kuna da abin da ya fi namu: a cikin birninku ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a, magina suna nan, ga masu zayyanar allo na sauka. Ku sa ɗaya daga cikinsu a zagayen, a biya shi ladan yininsa kamar kowa.

Uban yara daga Tudun Wada:

Ni ba mai zane ba ne, tela ne. Na shigo ne in faɗi yadda abin yake daga wajen mai zuwa kallo. Ɗana ya cika littattafan makarantarsa da zane, ina ta yi masa faɗa. Wani maƙwabcinmu ya buɗe ɗakinsa, yaron ya matsa sai mun je. Na tarar da magidanci mai iyali, yana koyarwa, yana biyan haya da wannan aikin. Ya karɓi littafin yaron ya duba shafi-shafi, bai yi masa dariya ba, ya nuna masa inda hannun mutum ya fi tsawo. Yanzu duk Asabar yana can. Roƙona ɗaya, ku yi mana bayani da Hausa. Takardar da aka liƙa a bango da Turanci ce, ni kuwa ban gane ta ba, sai da ya zo ya faɗa mini da baki.

Malama daga Gwale:

Malam tela, Allah ya raya mana shi. Ga masu koyarwa kuma, ku yi hattara da abin da zai biyo baya. Bayan buɗe ɗaki iyaye za su yi ta turo yara, kuma da wuya ka ce wa maƙwabci a'a. Na ga wadda ɗalibai suka yi mata yawa har ta shekara ba ta gama aikinta ko ɗaya ba. Ka yanke adadin da za ka iya tun kafin ranar, ka ware kwanakin da ƙofa ke rufe.

Mai zane daga Samaru:

Na gode ƙwarai, Baba, Anti, da sauran 'yan'uwa. Na karanta wa abokan tafiyata duka. Mun tsayar da cewa sai bayan damina, saboda hanyar Hayin Dogo da kuma danshin da ke sa kanbas fumfuna, amma kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi. Za mu fara daga hantsi, mu tsaya sallar azahar, mu ci gaba har magariba domin mata. Bayanin kowane aiki za a rubuta shi da Hausa da Turanci. Akwai wani malamin zayyana a cikin birni da ɗayanmu ya sani, gobe za mu je gaishe shi.

Abu ɗaya ya rage mana. Gidajen namu da ɗan nisa tsakaninsu, dattawa da mata masu goyo ba za su iya takawa ba. Waɗanda suka yi a unguwanni masu nisa, kun yi shatar Keke Napep ne na yini kuka raba kuɗin, ko kowa ya kai kansa?