Musayar Waƙa: Motocin Bayan Yaƙin Hitila

Tsohon Direba:

Assalamu alaikum. Jiya a shagon wani mai walda na ga tsohuwar kalanda da hoton Cadillac ta 1959, har na manta abin da ya kai ni. Ga abin da ya zo mini, mai amsa ya kawo.

Da sunan Allah na fara,
Shi ya sanar da mu ƙira,
Salati ga Manzo na ƙara,
Sannan in ɗauki hanya.

Yaƙin Hitila ya ƙare,
Biranen Turai an share,
Amurka kuwa tana tsare,
Masana'antunta lafiya.

Detroit, garin maƙera,
Mai zane Harley Earl ya kai ziyara,
Da jirgin yaƙi P-38 ya lura,
Mai jela biyu a baya.

A 1948 ya sa wa
Cadillac jela don burgewa,
Duk shekara tana ƙaruwa,
1959 ta zam sarauniya.

Silinda takwas na ruri,
Fitilu kamar harsashi a tsari,
In ta ratso cikin gari,
Ƙyallinta ya fi walƙiya.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Baitoci sun yi daɗi, amma ban yarda ba.

Alhaji direba, sannu da ƙoƙari,
Ka yi kira, to ga amsawa.

Wanda ya ƙoshi shi ke yin ado,
Jamus a lokacin tana yunwa.

A Wolfsburg bam ya huda rufi,
Masana'antar Bosuwaja na gab da mutuwa.

Sai Manjo Ivan Hirst na Ingila
A 1945 ya hana rufewa.

Zanen Ferdinand Porsche ne tun da,
Kafin yaƙi aka yi zanawa.

Bosuwaja mai bayan kunkuru,
Inji a baya yake zaunawa.

Ba ta da lagireto, ba shan ruwa,
Iska kaɗai ke sanyayawa.

1955 ta cika miliyan,
1972 ta yi zarcewa,

Ta wuce Model T na Ford a yawa,
Ba wanda ya yi zaton faruwa.

Sai 2003 can a Meziko,
Miliyan 21, aka yi tsayawa.

Tawa ruwan ƙwai, haɗin Ikko,
Kuɗin ƙarin albashin Udoji suka yi sayowa.

Daren damina, ruwa har gwiwa,
Uwargida na kan gwiwar haihuwa,

Kunkuru ya ratsa taɓo da rafi,
Muka kai asibiti kafin wayewa.

Yaron yau shi ke da jikokina,
In na ji ƙararta nakan yi tunawa.

'Yar Damagaram:

Ina gaisuwa, Baba Alhaji da Baba Malam. Ku ba 'yarku wuri, an bar Faransa a baya, mu kuwa a Nijar motocinta muka buɗe ido da su.

Citroën 2CV mai laima,
1948 ta fito ga jama'a,
Don manomi aka yi ta, ba ƙawa,
Rufinta tamfol, kana naɗewa.

Sharaɗin shugaban kamfanin, Pierre Boulanger, ke nan:
Kwandon ƙwai a ɗora a kujera,
A ratsa huɗar gona da shi,
Kada ɗaya ya fashe, ko ya tsage.

Flaminio Bertoni ya zana ta,
Shi ya sake zana ƙanwarta,
DS, 1955 a birnin Faris,
Oda 12,000 ranar fitarta.

In an tayar sai ta ɗaga jiki,
Kamar raƙumi zai miƙe,
Mai ne da iskar gas ke riƙe ta,
Rami ba ya kaiwa ga fasinja.

1962 aka yi wa shugaban Faransa De Gaulle
Ruwan harsashi a kan hanya,
Tayoyi sun fashe, ba ta kife ba,
Ta fitar da shi da ransa.

Ku yi haƙuri da amsa-amona, sunayen Faransawa ba sa son zama a baiti.

Ɗan Fanteka:

Yaya, ai kin yi ƙoƙari. Ni gajere zan yi, kwastoma na jira.

Ingila ƙarfe ya yi wuya,
Injiniya Maurice Wilks ya sake dabara.

Ya yi jikin Land Rover da alminiyam,
1948, ba tsatsa, ba karaya, ba ɓara.

Ita ta kai Di'o rangadi ƙauye,
Inda hanya ta ƙare ita ke fara.

Bakaniken Kakuri:

Iyayena da ƙannena, na karanta duka. Kowa ya faɗi gaskiya: ƙasar da ta ƙoshi ta yi jela, wadda ta sha wuya ta yi ƙaramar mota. Amma wadda ta zama tamu ba a ambace ta ba, kuma shekara talatin ina kwance ƙarƙashinta.

Fijo mai tambarin zaki,
Gidan Peugeot ya san aiki,
Zarto suka fara, mai kyan haƙori da baki,
Kafin mota ta zam sana'a.

404 ta zo a 1960,
Shekarar da muka karɓi 'yanci,
Pininfarina na Italiya ya yi zanen,
Layi miƙaƙƙe, ba hayaniya, ba ɓarna.

Gasar Safari ta Gabashin Afirka,
Sau huɗu ta ɗauka, ba shakka,
Ƙura da taɓo, rani da damina duka,
Sunanta ya kai kowace tasha.

Akori-kurarta ta ɗauki gero,
Ta ɗauki amarya da su kwando,
Ranar kasuwa har da rago,
Ta hau tudu ba ta yin gardama.

1968 ƙanwa ta iso,
504, kowa na so,
1969 Turai ta ce ta fi, ku taso,
Gwarzuwar shekara aka naɗa ta.

Bayanta ya ɗan zube ƙasa,
Cikinta ya yi nesa da ƙasa,
Tayoyin baya ke tura ta bisa,
Gargada ba ta hana ta sauri.

1975 a Kakuri, Kaduna,
Aka fara haɗa ta a garina,
Ƙarar jiniya ita ke tashina,
Ma'aikata tuli a bakin ƙofa.

Murtala a Marsandi aka harbe shi,
Fabrairun 1976, Allah jiƙan shi,
Gwamnati ta rage ado bayan shi,
504 ta zam motar manya.

Sifana goma da sha uku a hannu,
Kabureta in wanke ta sannu,
In saurari inji da kunnuwa biyu,
In ya daidaita in ce Alhamdu.

Tsohon Direba:

Ɗana Bakanike, ka taɓa ni inda ban zata ba. Cadillac a hoto na san ta, Fijo kuwa ita ta ciyar da gidana.

Ɗana, ka kai ni baya,
Kano zuwa Gusau kan hanya,
Fasinja bakwai da kaya,
Asuba na bar tasha.

Farar wagon ce tawa,
Da ita na aurar da 'ya'ya mata,
Da ita na tara kuɗin Makka,
Ban taɓa kwana a daji ba.

Tana nan rumfar gidana,
Na lulluɓe ta da tamfol ɗina,
Jikoki na hawa suna kirana,
Wai in kai su Funtuwa.

Ɗan Fanteka, ka duba mini kaburetar 504 mai kyau a wajenku. Bakanike, in an samu, ranar Asabar bayan la'asar ina jiranka, ka zo da sifanunka.

Bakaniken Kakuri:

In sha Allahu, Baba. A sa batir a caji tun daren Juma'a.