Alajin gyaɗa: jini ne ko inda aka haifi yaro?

Abu Yusra: Ni dai na tsaya a kan maganata, alajin gyaɗa, wato jikin mutum ya riƙa yin bore in ya ci gyaɗa, gado ne. In yana cikin jinin gidanku ko a ina aka haifi yaro zai same shi, in babu kuma babu. A shekarar 2000 an bincika tagwaye, waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya in ɗaya na da shi kusan kashi 64 cikin ɗari ɗayan ma yana da shi, amma 'yan ƙwai biyu kashi 7 kacal. Toh wannan in ba jini ba mene ne?

Maman Sadiq: Malam ka yi haƙuri amma ni a jikina na gani. Ni da baban Sadiq ba mai wannan abu, iyayenmu babu, kakanni babu, amma yaro yana shekara biyu ya lasa man gyaɗa ɗan kaɗan wlh ko minti goma ba a yi ba leɓe ya kumbura, jiki duk ya yi borin jini, numfashi yana fita da ƙyar, da gudu muka yi asibiti. Daga wa ya gada?

Abu Yusra: Allah ya ƙara masa lafiya Hajiya. Ai gado yana tsallake mutum, ba lallai sai uwa ko uba ba.

Anti Rakiya: Amin. Amma Abu Yusra ka sake duba lissafin naka. Kashi 64 ka ce, kenan sama da ɗaya cikin uku na tagwayen nan ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya sak amma ɗaya na da alaji ɗaya ba shi da shi. Da jini ne kaɗai ai da ɗari bisa ɗari za mu gani. Kuma ga wani, a 2008 an kwatanta yaran Yahudawa da ke Ingila da na Isra'ila, asali ɗaya fa, sai aka ga na Ingila sun ninka na Isra'ila kusan sau 10. Bambancin da aka gano shi ne a Isra'ila jarirai tun ba su shekara ba suke tsotsar Bamba, abin ƙwalama da ake yi da gyaɗa, a Ingila kuwa lokacin cewa ake a nisanta jariri da ita.

Habibu: Na Ostareliya ya fi ɗaure min kai gsky. A jihar Victoria sun duba yara wajen 57,000 masu shiga firamare, 2016 aka fitar da shi. Yaran da iyayensu 'yan Asiya ne amma aka haife su a Ostareliya sun fi sauran yara alajin, waɗanda kuma aka haifa a Asiya aka zo da su daga baya nasu ya yi ƙasa. Jini ɗaya, wurin haihuwa daban.

Abu Yusra: Madalla, ai ka taimake ni Habibu. Me ya sa 'ya'yan 'yan Asiya suka zarce sauran yaran alhali duk ƙasa ɗaya aka haife su, iska ɗaya suke shaƙa? Asali ne ya raba su.

Habibu: Nan kam na ba ka gaskiya rabi. Asali yana ɗauke da shirin abin, amma shirin nan kwance yake har sai ya haɗu da muhallin da zai tashe shi, shi ya sa 'yan uwansu da aka haifa a Asiya ba su cika samunsa ba. Kai kuma ce mana ka yi wurin haihuwa ba ruwansa, can ne ban yarda ba.

Anti Rakiya: Abin da ake yawan gada ma fata ce mai rauni. Jariri mai ekzima mai tsanani, wato ciwon bushewar fata da ƙaiƙayi, fatarsa a tsattsage take, ana ganin ɓurɓushin gyaɗa na shiga ta nan sai garkuwar jiki ta ɗauke ta abokiyar gaba, in ko ta baki ta fara shiga jiki yakan saba da ita. Binciken da ake kira LEAP na su Farfesa Gideon Lack a Landan, 2015, jarirai 640 masu ekzima ko alajin ƙwai, waɗanda aka fara ba su gyaɗa da wuri alajin ya ragu da kusan kashi 80. Daga nan Amurka ta canza shawararta a 2017.

Maman Sadiq: Anti kin taɓa min inda yake min ciwo, Sadiq ya sha fama da ekzima tun yana wata uku kuma ni da hannuna na hana shi gyaɗa don ina ganin kare shi nake yi. Yanzu ga ƙanwarsa wata huɗu, ita ma fatar ta fara. In ba ta?

Anti Rakiya: Ba laifinki ba ne ƙanwata, shekaru da yawa haka likitoci da kansu suke cewa. Amma kar ki gwada a gida, tunda yayanta na da shi kuma ga ekzima ki kai ta likita a yi mata gwaji tukun. In ya ce a fara, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ake damawa ta yi ruwa-ruwa, ba ƙwayar ba don tana shaƙe jariri. Allurar adirenalin ɗin Sadiq, ta gaggawa in alajin ya taso, kuma ta zauna kusa kullum.

Abu Yusra: Kin ji dai Anti da bakinki kin ce tunda yayanta na da shi. Maganar jinin nan ban janye ta ba.

Maman Sadiq: Ku ci gaba, ni gobe in sha Allah asibiti za mu.