Gwaji ɗaya ya rage min a jarrabawar tuƙi, in shiga ko in dakata?

Baban Ummi, Brescia:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na ci jarrabawar rubutu, aka ba ni foglio rosa, takardar nan ta koyon tuƙi mai wa'adin shekara ɗaya. Dokar Italiya sau uku kacal ta yarda a yi gwajin titi da ita, ga shi na faɗi biyu. Na farko a shataletale, na biyu wai ban tsaya wa mai tsallaka titi ba. Saura wata biyu takardar ta mutu. Abin haushin, na daɗe ina jan mota tsakanin Kano da Zariya, amma lasisin Najeriya ba a musanya shi a nan. Kuɗin darasi ya cinye min aljihu, aikin da nake nema kuma sai da lasisi. Ya zan yi?

Malam Sani, Bergamo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, daɗewar taka a kan sitiyari ita ke kayar da kai. Mai jarrabawa yana kujerar baya, ba gwaninta yake dubawa ba. Ka waiga kafin ka sauya layi? Ka tsaya cak a STOP, ko rage gudu kawai ka yi ka zarce? Mutum na sa ƙafa a layin tsallakawa, birki za ka taka, ba hon ba. Ka biya awa uku ko huɗu, ka ce wa malamin ya bi da kai unguwar da ake gwajin, ya yi ta kama ka ba sani ba sabo.

Maman Abba, Verona:
Baban Ummi, kwantar da hankalinka. Ko ka faɗi na ukun, akwai abin da ake kira riporto: a ɗauko maka sakamakon rubutun a ɗora kan sabuwar takarda, ba sai ka koma wa tambayoyin nan 30 ba. Sau ɗaya ake yi, kuma cikin wata biyu da mutuwar tsohuwar. Ka tambayi makarantarku tun yanzu.

Ɗan Agadas, Landan:
Ni dokar ce ba ta yi min ba. A Ingila ko sau nawa ka faɗi, kwana 10 na aiki za ka jira ka sake, muddin takardar rubutun ba ta wuce shekara 2 ba. Samun rana ne dai wahala, sai a yi watanni.

Malam Sani:
Ɗan Agadas, ai a nan Italiya an sassauta ma. Kafin ƙarshen 2021 wa'adin takardar wata shida ne, gwaji biyu. A Suwizalan kuwa ka faɗi sau uku, sai an gwada ko ka cancanci tuƙin ma kafin a bar ka ka sake.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Gobe zan je a sa min rana a makon ƙarshe na wa'adin takardar. Malam Sani, in kana da sarari ranar Lahadi, ka zo ka zauna gefena mu zaga shataletalen.